Wace Na'urar Neman Zinare Zan Saya? Amsa Ga Mai Shirin Sayar Da Bijimansa

Tambaya: Malam, ni mutumin wajen Yawuri ne. Na ɗan tara kuɗi, ina kuma shirin sayar da bijimaina biyu in cika in sayi na'urar neman zinare. Dillali ya nuna mini guda uku. Akwai Gold Monster 1000 sabuwa a kwali, akwai GPX 5000 ta hannu wadda ya ce zai karya mini kuɗinta sosai, sai kuma wata mai eriya biyu da ya ce tana jiyo zinare daga nisan kilomita biyu, zurfin mita 30. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a nema. Ka dakata da kai bijiman nan kasuwa tukuna, har ka gama karanta wannan.

Bari in fara da ta ukun don mu kawar da ita gefe. Waccan mai eriya, ko kyauta aka ba ka kada ka wahalar da kanka ɗaukar ta. Babu na'urar hannu da ke jiyo zinare daga nisan kilomita, ko a zurfin mita 30. Na taɓa kwance irinta a gaban mai ita, bayan ya yi wata biyu yana haƙa ramuka duk inda eriyar ta juya. Abin da muka tarar a ciki batir ne, da 'yar fitila mai ƙyaftawa, da waya biyu da ba su haɗu da komai ba. Eriyar tana kan wani ɗan ƙarfe mai santsi, da hannunka ya ɗan karkata ba ka sani ba sai ta juya, kai kuwa ka ɗauka zinare ne ya ja ta. Kuma ba talaka kaɗai aka taɓa cuta da wannan dabara ba. A 2013 wata kotu a Ingila ta ɗaure wani ɗan kasuwa shekara 10 saboda ya sayar wa gwamnatoci, musamman Iraƙi, irin wannan kwalin mai eriya da sunan na'urar gano bam. In dillalinka ya nace, ka ce a rufe masa ido, wani ya binne zobe a ɗaya daga cikin ramuka goma, ya gano shi sau biyar a jere. Ban taɓa ganin wanda ya yarda a yi haka ba.

Sauran biyun na'urori ne na gaske, in dai ba jabu ba ne. Amma kafin a zo kansu akwai tambayar da ba ka yi ba, ita ce kuma ta fi komai: wane irin zinare ne a wurin da za ka yi aiki?

Na'ura ba ta jin garin zinare. Ƙwaya take ji, dunƙulalliya guda ɗaya. In ka cika kwalba da garin zinare mai laushi ka gitta ta a gaban faifan na'urar, wato ɓangaren da ake shafa ƙasa da shi, sau da yawa shiru za ka ji, alhali ƙwaya ɗaya da ba ta kai kwatan nauyinsa ba za ta sa ta yi kuka. Dalili kuwa, na'urar na aika maganaɗisu ne cikin ƙasa, shi kuma ya tayar da wani ɗan lantarki mai zagaye a cikin jikin ƙarfen, wannan zagayen ne ke dawo mata da amsa. Ƙwayar da ta yi ƙanƙanta ƙwarai ba ta da jikin da lantarkin zai zagaya, kuma ƙwayoyi dubu da ke zube kusa da juna ba sa haɗa ƙarfi su zama guda.

Wannan ne ya raba labarin Jado da namu. Da aka gano zinare a Jado, can arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, a watan Afrilun 2014, ƙwayoyi ne kwance kusa da saman ƙasa a cikin hamada, babu ciyawa, babu tsofaffin gwangwanaye. Mutum ya riƙa na'ura ya yi ta tafiya, in ta yi kuka ya tona. Mutanen Sudan da Cadi da suka riga suka goge a wannan aiki su ne suka fi cin moriyar farko. Labarin ya iso mu ta bakin waɗanda suka dawo daga Agadas da sababbin motoci, sai kowa ya ɗauka sirrin a jikin na'ura yake. Amma zinaren Anka da Maru da Birnin Gwari da Bin Yawuri, mafi yawansa a cikin jijiyar farin dutse yake, a warwatse, wani ma ido ba ya ganinsa. Shi ya sa ake fasa dutse a niƙa a wanke. Wani kuma a yashin rafi yake, gari-gari. Ga irin wannan, kwanon wanki da bai wuce 'yan nairori kaɗan ba ya fi na'urar miliyoyi amfani.

Saboda haka ka je wurin da kake hari, ka zauna da masu wanki, ka sayi shayi, ka roƙi a nuna maka abin da ake samu. Kada ka tambayi nawa ake samu, ba za a gaya maka gaskiya ba. Girman ƙwayar za ka duba. Zinare na da nauyi ƙwarai, ya ninka ruwa sau 19, don haka giram ɗaya bai wuce girman ƙwayar dawa mai ƙiba ba, kashi ɗaya cikin goma na giram kuwa kamar ƙwayar gero yake. In duk abin da ka gani a kwanonsu ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ka bar bijimanka su yi maka huɗa. In kuwa ana tsintar kamar gero, jefi-jefi kamar dawa ko wake, musamman a gangaren tudu ƙasa da inda jijiyar dutsen ta ɓullo, to na'ura na da aikin yi.

Yanzu ga zurfi, inda dillalai suka fi zuba ƙarya. A abin da na saba gani, ƙwaya kamar gero ba a jin ta sai tana cikin faɗin yatsa biyu ko uku daga sama. Mai giram ɗaya, abin da bai kai taƙi ba, ko ya ɗan wuce in na'urar babba ce. Wadda ta kai girman goro ce ake ji a kamu guda ko fiye. A kai mita ɗaya kuwa sai dunƙule babba da na'ura mafi tsada. Ƙwaya mafi girma da aka taɓa ganowa da na'urar hannu, wadda aka tono a jihar Biktoriya ta Ostareliya a 1980, ta haura kilo 27, amma a zurfin santimita 30 kacal take kwance. Wato aikin na'ura tsefe fatar ƙasa ne. Ba ta gaya maka inda za ka haƙa rijiya mai gaba goma.

To, mu dawo kan biyun da ke gabanka. Gida biyu ne daban, duk da kamfani ɗaya ya ƙera su, wato Minelab na Ostareliya.

Gold Monster daga gidan da ake kira VLF take. Irin waɗannan suna aika igiya ba tsayawa, kuma yawan bugun igiyar a daƙiƙa, wanda ake aunawa da kilohaz, shi ne ke nuna ƙanƙantar abin da za su ji. Na'urorin neman tsabar kuɗi da kayan tarihi yawanci ƙasa da kilohaz 15 suke aiki, shi ya sa suke tsallake ƙananan ƙwayoyi. Na zinare sukan fara daga 18 zuwa sama: Garrett AT Gold na kan 18, Gold Monster na kan 45, Gold Kruzer ta kamfanin Nokta na Turkiyya na kan 61, tsohuwar Fisher Gold Bug 2 kuma, wadda ke kasuwa tun 1995 ba ta daina aiki ba, na kan 71. Kyawun wannan gida shi ne araha, rashin nauyi, jin ƙananan ƙwayoyi, da iya nuna maka cewa abin da ke ƙasa baƙin ƙarfe ne ko ba shi ba. Gold Monster ma ita ke daidaita kanta da ƙasa, maɓallanta kaɗan ne, yaron da bai yi boko ba zai koye ta a yini guda.

Matsalarta ƙasarmu ce. Jar ƙasa da marmara cike suke da tama, na'ura kuwa na jin tama. Ka ɗora faifan VLF mai ƙarfi a kan marmara ka ji yadda take ɓaɓatu kamar rediyon da ya rasa tasha. Ga baƙin yashin nan da ke zama a gindin kwanon wanki, ga wasu duwatsu da ke kuka sak kamar zinare, ka tona ka tona ka fito da baƙin dutse. Dole ka rage mata ƙarfi don ta yi shiru, da ka rage kuwa zurfin ya tafi. Na ga wanda ya yi kwana uku a kan wani tudu mai marmara ya cika aljihu da irin waɗannan duwatsu, a rana ta huɗu ya fara ƙin tona duk kukan da bai gamsu da shi ba. Daga nan mutum ke fara taka arzikinsa ya wuce.

GPX 5000 kuwa daga gidan PI take. Ita ba ta aika igiya a jere. Bugu take yi mai ƙarfi, ta ɗauke, ta ɗan jira, sannan ta saurara. Amsar da tamar ƙasa ke bayarwa takan mutu da wuri, ta ƙarfe kuwa takan ɗan jima, don haka a wannan ɗan jiran ne ake rabuwa da yawancin hayaniyar ƙasa. Shi ya sa a jar ƙasa PI ke nutsawa inda VLF ta tsaya, kuma shi ya sa GPX ta yi suna a Sudan da Jado. Amma jiran nan yana da farashi: ƙwaya ƙanƙanuwa ita ma amsarta na mutuwa da wuri, sai a rasa ta tare da hayaniyar. Sababbin da suka biyo baya, irin su SDC 2300 da GPX 6000 da Garrett Axiom, sun rage wannan gibi sosai, sai dai kuɗin GPX 6000 ɗaya zai sayi Gold Monster biyar ko fiye. Sannan PI ba ta iya bambance ƙarfe sosai. A wuraren da aka yi haƙa tun shekarun 1930 zamanin Turawa, kamar tsohon Birnin Gwari, ƙasa cike take da ƙusoshi da gutsattsarin diga da gwangwani, kowanne kuma sai ka tona shi, wani a zurfin kamu guda cikin rana.

Wani abu da za ka riƙe: babu na'urar da ke jin zinare kaɗai. Ɗan guntun dalma, da takardar azurfar kwalin taba, da harsashi, duk kukansu ɗaya da ƙaramar ƙwaya. Duk wanda ya ce maka tasa ba ta kuka sai a kan zinare, bai taɓa yini a daji da ita ba.

Sai maganar GPX ɗin da aka karya maka kuɗinta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. GPX 4500 da 5000 na cikin na'urorin zinare da aka fi yi wa jabu. Tun lokacin da haƙar zinare ta barke a Sudan aka cika kasuwa da kwaikwayonsu, kwali iri ɗaya, fenti iri ɗaya, har da littafin bayani, kamfanin da kansa ya sha kokawa a kai. Daga waje ba lallai ka gane ba, a ciki kuwa kayan wasa ne. Kamfanin na da hanyar tantance lambar na'ura a shafinsa na intanet, ka sa a duba a gabanka, kada ka karɓi hoton da aka ce an duba. Ka nemi rasit na asali. Amma duk wannan bai kai gwaji ba, don ana iya ɗaga lamba daga ta gaske a manna wa jabu.

Ga yadda za ka gwada, kuma da shi za ka gwada duka biyun. Kada ka yarda da gwajin shago, inda dillali ke kaɗa zobe a iska a gaban faifai. Zobe da'ira ce, shi ne abin da kowace na'ura ta fi saurin ji, iska kuma ba ta da tama. Cikin gari ma wayoyin lantarki na rikita PI. Ka ɗebo ƙasar wurin aikinka buhu guda, da 'yan duwatsun marmara, ko ma ka ɗauki dillalin a babur ku je wurin. In kana da ƙwayar zinare ta gaske, madalla, ka manna ta a jikin ɗan katin roba don kada ta ɓace. In babu, ka yanko dalma kamar gero da kamar dawa, amsarta na kusa da ta zinare. Ka haƙa rami, ka soka abin gwajin a bangon ramin daga gefe, yadda ƙasar da ke samansa ba a taɓa ta ba, a zurfi daban-daban. Sannan ka ja faifan a hankali, yana shafar ƙasa. Abu uku za ka lura da su: a wane zurfi kukan ke ɓacewa, yaya take yi a kan ƙasar da babu komai, kuma me take yi in ka gitta dutsen marmara. GPX ta gaske, in an saita ta daidai, za ka ji wani siririn amo a kunne ba yankewa, marmara ba ta cika tayar mata da hankali ba, kuma za ta ji dalma mai girman wake a zurfin da Gold Monster ta yi shiru. In Gold Monster ta fi ta zurfi a kan babban abu, ka miƙa masa kayansa. In ya ƙi yarda da gwajin baki ɗaya, ya riga ya ba ka amsa, cinikin biri a sama yake so ku yi.

In ma ta tabbata ta gaske ce, ta hannu ce, don haka ka duba batir. Batirin GPX 5000 daban yake, a baya ake goya shi, waya ce ke haɗa shi da na'urar, kuma wannan waya da bakinta su ne ke fara lalacewa. Ka kunna ta, ka murza wayar a hankali, ka murza ta faifai ma. In amon ya yi tsalle, akwai karaya a ciki. Ka tambayi awa nawa batirin ke riƙewa, ka bar ta a kunne ka gani da idonka. Ka juya faifan ka duba ƙasansa ko ya tsage. Ka kuma sani tana da saituna da yawa, wanda bai samu mai koya masa ba zai iya shekara yana yawo da ita a kan saitin da bai dace da ƙasarsa ba.

Faifai ma zaɓi ne, kuma mutanenmu na son babba. Babban faifai na nutsawa a kan babbar ƙwaya, yana kuma cin fili da sauri, amma yana tsallake ƙanana, yana kwaso hayaniyar ƙasa, ga nauyi. A wurin da ke da duwatsu da kututture ƙarami ne ke shiga lungu. Ga Gold Monster akwai ɗan zagayayye mai inci biyar da dogo mai inci goma, ni ƙaramin na fi sakawa. A GPX, faifan mono, mai naɗin waya ɗaya a ciki, ya fi zurfi, na DD mai naɗi biyu ya fi haƙuri da mummunar ƙasa, kuma da shi ne kaɗai ɗan abin da take da shi na ƙin baƙin ƙarfe ke aiki.

Ka ware kuɗin abubuwan da dillali ba zai ambata ba: abin saurare na kunne mai kyau, don kukan ƙwaya mai zurfi raɗa ce, iska kaɗai na iya haɗiye shi, farantin sola na caji, diga mai mayen ƙarfe a manne don tsince ƙusoshi daga rami, da ludayin roba na gitta ƙasa a kan faifai. Ka cire zobe da agogo, ka guji takalmi mai ƙarfe a baki. Na san wanda ya yi safiya guda yana bin kukan takalminsa.

Akwai kuma abin da ya fi na'ura. A Najeriya ma'adinai na hannun gwamnatin tarayya, ko da gonar ta gado ce, dokar ma'adinai ta 2007 ce ke aiki, ofishin rajistar filayen ma'adinai da ke Abuja ne kuma ke ba da lasisi. Ƙananan masu haƙa sukan shiga ta ƙungiya mai rajista. Ana kuma iya rufe yanki gaba ɗaya: an hana haƙa a Zamfara a 2019, ba a ɗage ba sai ƙarshen 2024, Jado ma gwamnatin Nijar ta rufe ta a 2017. Ka nemi yardar mai gona da ta mai gari, ka kuma auna tsaron dajin, don na'ura a kafaɗa shela ce cewa kana da kuɗi ko kana da zinare. In kuma aikin ya kai ka ga niƙa dutse, kada ka kawo shi gida. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutse a tsakar gida ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka sake ganin irinta a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015.

Da ni ne kai, ga abin da zan yi. In na ga ƙwayoyi kamar gero zuwa dawa a hannun mutanen wurin, kuma Gold Monster ta zauna lafiya a kan buhun ƙasata, ita zan ɗauka sabuwa da garantinta, daga dillalin da sunansa ke cikin jerin wakilan kamfanin, in bar bijimi ɗaya a turke. Ita ce za ta koya maka kunne, kuma a rani ɗaya za ta nuna maka ko wurin na da ƙwaya. GPX sai in ƙasar ta gagari ƙaramar, ko an riga an tsince saman wurin ana zaton manya a ƙasa, kuma ta ci gwajin ramin nan a gabanka. In ana ba da haya a wajenku, ka ɗauki kowacce na mako guda kafin ka fitar da kuɗi, ka riƙa ajiye duk abin da ka tono a kwalba, har ƙusoshin. In ka dawo ka rubuto mini girman mafi ƙanƙantar abin da ka ji da zurfinsa, da launin ƙasar wurin, daga nan za mu san faifan da ya kamata ka ƙara.